Tsaron Kwamfuta da Wayar Ma'aikaci Matafiyi a Ƙananan Sana'o'i: Darasi Daga Garin Illela

1.0 GABATARWA

Duk lokacin da aka ambaci tsaron kwamfuta, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne manyan bankuna da ma'aikatun gwamnati, inda ake da ɗakuna na musamman da ƙwararrun ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai gadin na'urori. Wannan fahimta ita ta sa ƙaramin ɗan kasuwa yake ganin maganar ba ta shafe shi ba. Alhali kuwa idan muka duba da idon basira za mu tarar shi ne ya fi kowa zama a bakin haɗari, domin babban banki yana iya yin asarar miliyoyi ya wayi gari ya buɗe ƙofarsa kamar kullum, amma mai shago ɗaya da yara uku, asarar yini guda tana iya tashinsa daga kasuwa gaba ɗaya.

Manufar wannan makala ita ce ta yi bayanin yadda ƙaramar sana'a za ta tsare na'urorin da ma'aikatanta ke yawo da su nesa da idon maigida. Da "ma'aikaci matafiyi" muna nufin duk wanda ke yi wa sana'a aiki a wajen shago ko ofis, watau yaron maigida da ake aikawa cin kasuwa, da direba, da wakilin fiton kaya a kwastan, da mai lissafin da ke aiki daga gidansa. Da "na'ura" kuwa muna nufin kwamfutar tafi-da-gidanka, da wayar hannu, da na'urar POS, domin dukansu kwamfutoci ne, girma kawai ya bambanta su. Mun ɗauki garin Illela na Jihar Sakkwato a matsayin madubi, saboda a can ne matsalolin da za mu tattauna suka taru wuri ɗaya. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mafi yawan wannan tsaro ya rataya ne ga tsarin da maigida ya shimfiɗa tsakaninsa da yaransa, kuma kuɗin da yake buƙata kaɗan ne ƙwarai.

2.0 ILLELA DA YANAYIN KASUWANCINTA

Illela hedkwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Sakkwato. Tana nesa da birnin Sakkwato da kilomita 80 da 'yan kai, a kan hanyar da ta bi ta Kware da Gwadabawa. Da an ƙetare iyaka kuma sai Birnin Ƙwanni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Kasuwar Illela tana ci ranar Lahadi, ta Ƙwanni kuwa ranar Laraba, kuma tsakaninsu ana hada-hadar shanu da tumaki da raƙuma da wake da albasa da hatsi da kayan masarufi. Kuɗi iri biyu ke yawo, naira da sefa, don haka 'yan canji suna da babban matsayi. Ke nan ɗan kasuwar Illela matafiyi ne tun asali: yau yaronsa yana Ƙwanni, gobe yana Galmi wajen albasa, jibi yana bin mota zuwa Legas.

Akwai abubuwa uku da suka faru cikin 'yan shekarun nan waɗanda suka tura wannan kasuwanci cikin waya da ƙarfin tsiya. Na farko shi ne rufe iyaka. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, an sake rufewa har zuwa watan Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, abokin ciniki da ba a iya zuwa a gan shi ido da ido, sai a koma yin magana da shi ta WhatsApp, ana aika hoton kaya, ana aika shaidar biya. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda ya tsananta a farkon 2023, ya tilasta wa wanda bai taɓa yarda da tiransifa ba ya koye ta. Na uku shi ne matsalar tsaron hanya a gabashin jihar, wadda ta sa ɗaukar tsabar kuɗi a jiki ya zama kasada.

Sakamakon haka, littafin bashi, da sunayen abokan ciniki, da takardun kwastan, da mabuɗin asusun banki, duk sun tashi daga cikin akwatin ƙarfe na shago sun koma aljihun yaron da ke kan hanya. Ƙofar shago tana nan da kwaɗonta, maigadi yana nan da sandarsa, amma dukiyar ba ta ciki.

3.0 DAGA AYARI ZUWA WAYAR HANNU

Kafin mu shiga bayanin na'urori, ya kamata mu tuna cewa matsalar tsare dukiya a hannun matafiyi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Paul Lovejoy, a cikin littafinsa na 1980 a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ya yi bayanin yadda ayari ke da shugabanni masu aiki daban-daban: ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, ga malamin ayari. Shi kuwa Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ga mahauta ba tare da wata takarda ba, sai dai lamunin maigida da dillalansa waɗanda suka san kowa da halinsa.

Darasi biyu muke samu daga nan. Na ɗaya, magabata ba su tara dukkan ragamar tafiya a hannun mutum ɗaya ba. Na biyu, amanar da suke yi wa juna tana da ginshiƙi, watau sanayya: an san fuskar mutum, an san muryarsa, an san gidansu. To, a yau abubuwan nan biyu duka sun raunana. Waya guda tana ɗauke da aikin madugu da na malamin ayari da na ma'aji a lokaci ɗaya. Sanayya kuma ta koma lamba: duk wanda saƙo ya fito daga layinsa, shi ake ɗauka ya yi magana. A da, ɗan fashi ba ya samun abin da ya wuce kayan da ke bisa jaki. A yau wanda ya fizge waya a tashar mota yana iya kwashe abin da ke cikin asusun maigida alhali maigidan yana barci a ɗakinsa.

4.0 KAFOFIN DA ƁARNA KE SHIGOWA

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za mu kasa waɗannan tsagogi kashi huɗu.

4.1 Ɓacewar na'ura

Wannan ita ce kafa mafi sauƙin ganewa. Waya tana faɗuwa a cikin turmutsutsun kara, ana yanke aljihu a tasha, ana manta jakar kwamfuta a cikin mota. Kuɗin na'urar shi ne ƙaramar asara. Babbar asarar ita ce abin da ke cikinta. A watan Mayu na 2006 aka shiga gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, aka sace kwamfutar tafi-da-gidanka da faifan ajiyar da ya zo da su gida don ya yi aiki. A cikinsu akwai bayanan mutum wajen miliyan 26 da rabi, kuma ba a ɓad da kamar bayanan ba. Idan haka ta faru da babbar hukuma, ina ga wakilin fito wanda kwamfutarsa ba ta ko da kalmar sirri?

Akwai kuma ɓacewa ta ɗan lokaci, wadda ba a cika lura da ita ba. Saboda ƙarancin wutar lantarki, matafiyi yakan bar wayarsa a shagon caji na awa biyu ko uku, ko ya bar ta wurin mai gyara ta kwana. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne, amma shagon wuri ne da hannaye da yawa ke shiga, kuma wayar da ba a kulle ba, minti biyar ya isa a karanta saƙonninta.

4.2 Layin waya

A ganinmu wannan ita ce kafa mafi haɗari, don haka za mu ɗan tsawaita a kanta. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, sa'an nan aka ba da umurnin haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disamba na 2020, layin waya ya zama shi ne shaidar mutum a wurin banki. Ta layi ake aiko da lambar tabbatarwa ta wucin gadi, ta layi ake aika kuɗi da gajerun lambobin nan masu farawa da tauraro, ta layi ake sake kalmar sirrin da aka manta, ta layi kuma ake buɗe WhatsApp a sabuwar waya. Saboda haka ɓarawon da ya san aikinsa bai damu da kullen fuskar waya ba. Zare layin yake yi ya sa a wata ƙaramar waya, sai duk saƙonnin banki su riƙa zuwa hannunsa.

Ana kuma iya ƙwace layi ba tare da an taɓa wayar ba, ta hanyar zuwa a yi abin da jama'a ke kira walkam-bak da sunan mai layin, bayan an tattara bayanansa ta hanyar yaudara. Alamar wannan ita ce layi ya ɗauke ɗif ba dalili. A nan ne zaman bakin iyaka ke ƙara dagula al'amari. Mutumin Illela ya saba da ɗaukewar sabis: da ya doshi Ƙwanni wayarsa takan bar MTN ko Glo ta kama na Nijar, ko ta rasa duka biyun. Don haka idan layinsa ya mutu ba ya zargin kome, sai ya ce matsalar sabis ce, har a yini ana kwasar kuɗinsa. Haka kuma, da yake lambar tabbatarwa ba ta cika isa da wuri ba idan mutum yana ƙetare, sau da yawa maigida yakan ga ya fi sauƙi ya danƙa wa yaro layin asusun da lambar sirrinsa gaba ɗaya. Daɗin daɗawa, matafiyi yakan riƙe layuka da yawa, na Nijeriya da na Airtel ko Moov ko Zamani na Nijar, wani ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Kamfanonin waya kuwa sukan karɓe layin da ya yi watanni a kwance su sayar wa wani, alhali har yanzu yana ɗaure da asusun banki na mai shi na farko.

4.3 Tsohuwar manhaja da filas

Yawancin kwamfutocin da ƙananan sana'o'i ke saya na hannu ne, kuma sukan zo da manhajar da aka kwafa ba bisa ƙa'ida ba, wadda ba ta karɓar gyare-gyaren da kamfani ke aikowa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ma'anar wannan ita ce, ramin da aka gano a cikinsu bayan nan zai zauna a buɗe. Illar rashin sabuntawa ta fito fili a watan Mayu na 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Abin takaicin shi ne, tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe ramin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba.

A wajenmu hanyar da cuta ta fi bi ita ce filas. Wakilin fito yakan kai filas shagon buga takardu, a cusa shi a kwamfutar da mutum ɗari suka yi amfani da ita, ya dawo ya cusa a tasa. A waya kuwa, hanyar ita ce manhajojin da ake tura wa juna hannu da hannu, musamman jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp, waɗanda ba a san wanda ya ƙera su ba, ba a kuma san abin da ya cusa a ciki ba.

4.4 Yaudara

Kafa ta huɗu ba ta buƙatar ƙwarewar kutse ko kaɗan, harshe kawai take buƙata. Wani zai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a karanto masa lambar da aka aiko yanzu ba. Wani zai ce an sa ka cikin taron ƙungiyar 'yan kasuwa, ka faɗi lambobi 6 da suka shigo wayarka. Da an faɗa masa, ya ƙwace WhatsApp ɗin ke nan. Daga nan sai ya shiga rubuta wa yaran maigida da sunan maigida: "Ka tura kuɗin shanun nan wannan sabon asusu, wancan ya sami matsala." Yaro kuwa da ladabinsa zai amsa, "To, ranka ya daɗe," ya tura, domin a tarbiyyarmu yaro ba ya tuhumar maganar maigidansa. A nan ladabin da muke alfahari da shi ne ɗan damfara ya mayar makaminsa. Akwai kuma alat na bogi, inda mai saye zai nuna hoton shaidar biya ko a aiko da saƙo mai kama da na banki, a ɗora kaya a mota, sai daga baya a ga babu abin da ya shiga.

5.0 MATAKAN TSARO

Matakan da za mu lissafa mun jera su ne bisa muhimmanci, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai shago ɗaya.

5.1 Littafin na'urori. Maigida ya tanadi littafi na takarda wanda zai rubuta kowace na'ura ta sana'a, da sunan wanda ke riƙe da ita, da layin da ke ciki, da asusun da layin ke ɗaure da shi, da lambar IMEI mai alƙaluma 15 wadda ake gani idan aka danna *#06#. Wanda bai san adadin awakinsa ba, ba zai san ranar da ɗaya ta ɓace ba. Ta wannan littafi ne kuma za a gano layin da ya kwanta, a raba shi da asusu tun kafin ya faɗa hannun wani.

5.2 Raba asusu. A yi asusu biyu: uwar asusu, inda jarin sana'a yake, da asusun tafiya. Layin uwar asusu ya zauna a gida cikin wayar da ba ta zuwa kasuwa, ba a kuma ba kowa lambarta don hira. Asusun tafiya kuwa, a riƙa zuba masa gwargwadon cinikin ranar kawai, a kuma nemi banki ya sa masa iyakar abin da zai iya fita a yini. Wannan shi ne hikimar ayari a sabon salo: abin da ɗan fashi zai samu kada ya wuce kayan da ke bisa jaki.

5.3 Kulle layi da kulle na'ura. Kowane layi yana da wurin sa masa lambar sirri, ta yadda idan aka zare shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba sai an shigar da ita, kuma idan aka kuskure sau 3 sai ya rufe, sai da lambar PUK. Wannan mataki kyauta ne, minti biyu yake ci, amma kaɗan ne suka san da shi. Sai dai a kula a adana lambar PUK a gida tun kafin a fara. Fuskar waya kuma a kulle ta da lamba 6 ko fiye, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar waya, a kuma hana saƙonni bayyana a kan fuska alhali tana kulle.

5.4 Ɓad da kamar bayanai. Kalmar sirrin buɗe kwamfuta ita kaɗai ba ta hana a zare faifan ajiya a karanta shi a wata kwamfuta. Abin da ke hana wannan shi ne ɓad-da-kama, watau mayar da bayanai wani irin rubutu da ba ya karantuwa sai da mabuɗinsa. A Windows akwai BitLocker don wannan aiki. Wayoyin zamani kuwa suna yin haka da kansu muddin an sa musu kulle. Mabuɗin ko-ta-kwana na BitLocker a rubuta shi a takarda, ya zauna wurin maigida.

5.5 Makulli biyu. A WhatsApp da imel da manhajar banki, a kunna tantancewa mai hawa biyu. A WhatsApp wannan lamba ce guda 6 da mutum ke zaɓa da kansa, wadda ko an yaudare shi ya ba da lambar da aka aiko, ɗan damfara zai tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Kowane ma'aikaci kuma ya kasance da kalmar sirrinsa shi kaɗai. Inda mutum biyar ke amfani da kalma ɗaya, idan ɓarna ta auku ba a san wanda za a tambaya ba, zargi ya faɗa kan mai gaskiya.

5.6 Ƙa'idar sake kira. Wannan ita ce maganin yaudara, kuma daga bakin maigida ya kamata ta fito, a gaban yaransa duka: duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu, ko da daga layina ya fito, kada a tura ko kwabo sai an kira ni an ji muryata. Da yake a yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, yana da kyau a ƙara da wata kalmar zaurance da 'yan gida kaɗai suka sani, wadda ba a taɓa rubutawa a waya ba. Idan maigida ne da kansa ya kafa dokar, yaron da ya sake kira bai yi rashin kunya ba, umurni ya bi. Haka nan kada a saki kaya saboda hoton shaidar biya ko saƙon alat, sai an buɗe asusu an ga kuɗin a zaune. Lambar tabbatarwa kuwa ba a karanta wa kowa ita, domin banki ba ya kira ya tambaye ta.

5.7 Tsabtar na'ura. A bar kwamfuta da waya su riƙa sabunta kansu, ko da hakan zai ci data. Kada a sa manhaja sai daga rumbun Google ko na Apple. Takardar da za a buga a shago, gara a tura ita kaɗai da a miƙa filas. Matafiyi ya riƙe batirin caji na aljihu. In kuwa tilas ta sa a bar waya a shagon caji, to a kashe ta. In za a kai gyara, a zare layi da katin ajiya. A masauki ko tasha, gara ya yi amfani da datar layinsa da ya hau Wi-Fi ɗin da bai san mai shi ba. Wayar aiki kuma ba ta zama abin wasan yara a gida.

5.8 Ajiyar ko-ta-kwana. A watan Yuni na 2017 cutar NotPetya ta lalata dubban kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta jawo masa asarar da ya ƙiyasta tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda aka ruwaito, kwafin wasu muhimman bayanai da aka farfaɗo da kamfanin da su an same shi ne a ofishinsa na Ghana, inda ɗaukewar wutar lantarki ta raba wata kwamfuta da sauran kafin cutar ta iso. Darasin shi ne, kwafin da ke tsira shi ne wanda ba ya haɗe da sauran. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga ɗan kasuwar Illela wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a intanet, da kwafi a faifan da ke cikin akwati a gida. Littafin bashi na takarda ma kada a yar da shi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda dalilan tsaro; wanda duk lissafinsa ke intanet kaɗai, a irin wannan rana ba shi da lissafi.

6.0 RANAR DA ABIN YA FARU

Duk iyakar kula, wata rana waya za ta ɓace. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tilas a tsara abin yi tun yanzu. Jerin shi ne: a toshe asusun banki da farko, ta gajeruwar lambar da bankuna suka tanada don haka ko ta kiran su, sa'an nan a sa kamfanin waya ya toshe layi, sa'an nan a sake kalmomin sirri na imel da sauran manhajoji, a yi amfani da hidimar Google ko Apple ta neman waya a goge abin da ke ciki daga nesa, a sanar da abokan ciniki cewa kada su amsa saƙo daga wannan layi, a ƙarshe a kai rahoto ga 'yan sanda tare da lambar IMEI.

Abu biyu ke sa wannan jeri ya yi aiki. Na ɗaya, lambobin da za a kira su kasance a rubuce a takarda cikin aljihun matafiyi, domin yawancinmu ba mu haddace lambar kowa ba, duk suna cikin wayar da ta ɓace. Wanda abin ya same shi a Ƙwanni ko Tawa ba lalle ne gajerun lambobin Nijeriya su yi masa aiki ba, don haka lambar maigida ce zai ara waya ya kira, maigida ya yi toshewar daga gida. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, maigida ya yi alkawari cewa yaron da ya faɗi gaskiya nan take ba za a ci mutuncinsa ba. Yaron da ke tsoron faɗa zai kwana yana neman wayar a ɓoye, a cikin wannan daren kuwa ake gama da asusu.

Haka kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a karɓi na'ura da layi, a sake duk kalmar sirrin da ya sani. Wannan kariya ce gare shi shi ma, domin ba za a jingina masa abin da ya faru bayan tafiyarsa ba.

Ta fuskar shari'a, a Nijeriya akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ita ta biyun ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu su. Nijar ma tana da tata dokar laifuffukan intanet ta 2019. Ke nan mai POS ko wakilin fito da ke tara hotunan katin shaidar mutane a wayarsa, amana ce ya ɗauka wadda doka za ta tambaye shi a kanta. Sai dai bin sawun kuɗin da suka ƙetare iyaka abu ne mai wuya da jinkiri, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan makala mun ga yadda rufe iyaka da ƙarancin tsabar kuɗi da matsalar hanya suka mayar da dukiyar ɗan kasuwar Illela cikin na'urar da yaronsa ke yawo da ita. Mun ga kafofi huɗu da ɓarna ke bi, mun kuma nuna cewa layin waya shi ne mabuɗin da ya fi cancantar gadi. Matakan da muka kawo, in ban da batirin caji da faifan ajiya, babu wanda ake saya da kuɗi. Abin da suke buƙata shi ne maigida ya zauna da yaransa ya kafa doka, shi kuma ya fara bin ta.

Saura wani hanzari da ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Gargaɗin da bankuna da kamfanonin waya ke aikowa yawanci da Ingilishi yake zuwa a wannan ɓangare, da Faransanci a wancan, alhali mutanen da ke riƙe da wayoyin da Hausa suke ciniki. Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, masana harshe su daidaita kalmomin wannan fanni, domin waɗanda muka yi amfani da su a nan, irin su ɓad-da-kama da ajiyar ko-ta-kwana, gwaji ne da ke jiran gyaranku. Na biyu, a rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda guda, da boko da ajami, a raba ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa a Illela da Ƙwanni. Na uku, kwalejojin ilimi su sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa malamai masu zuwa, domin ɗalibin da ya koya a aji shi ne zai koma gida ya sa wa layin mahaifinsa lambar sirri.